Likita, jinina ya sauka, in daina shan magani?

Tambaya: Wata huɗu ke nan ina shan maganin hawan jini amlodipine, yanzu awo yana nuna 128/80. In daina? Ga shi da yamma ƙafafuna na kumbura har takalmi ya matse ni.

Amsa: Malam, kada ka daina. Maganin ne ya riƙe jinin a nan, in ka ajiye shi zai koma gidan jiya. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke, yawanci abokin zama ne har ƙarshen rayuwa. Na sha karɓar marasa lafiya da ɓarin jiki a shanye, in na tambaya sai iyali su ce ai ya ji sauƙi ne ya bar maganin. Kumburin idon sawu kuwa sanannen halin amlodipine ne. Ka gaya wa likitanka, zai rage maka ko ya sauya wani.

Tambaya: Ni ba na ciwon kai, ba na jiri, amma an auna ni an ce 155/95. Anya na'urar daidai take?

Amsa: Hajiya, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, ga shi yana cin zuciya da ƙoda da ido a ɓoye. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ki zauna ki huta minti 5, bayanki a jingine, hannu daidai ƙirji, ba hira. A maimaita a wata rana dabam. Idan ya ci gaba da kaiwa 140/90 ko sama, to hawan jini ne. Kafin nan ki rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin abincin gwangwani. Ki kuma yi hattara da magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, suna ɗaga jini.

Tambaya: Ina shan maganin hawan jini lisinopril, sai ga shi na samu juna biyu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je asibiti yau ɗin nan. Lisinopril yana cutar da ɗan tayi, za a mayar da ke kan methyldopa ko nifedipine ko labetalol. Kada ki yi wasa da zuwa awo. Idan ciki ya wuce mako 20 kika ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko fuska ta kumbura, kada ki jira gari ya waye, jijjiga na iya biyo baya.