Hukuncin Jinkirta Ɗaukar Ciki Bayan Tiyatar Rage Tumbi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Kubwa nake, a Abuja. Wata biyar ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi saboda ƙiba da ciwon suga. Shekararmu shida da aure ba haihuwa. Likita ya ce kada in ɗauki ciki sai bayan shekara ɗaya da rabi, uwar mijina kuwa ta ce wannan jayayya ce da ikon Allah. Ina da laifi in na sa ashanar fata ta hana ɗaukar ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ba ki da laifi. Jabir, Allah Ya yarda da shi, ya ce sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka; Bukhari da Muslim suka ruwaito. Malamanmu na Malikiyya sun halatta shi da yardar mace. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa ta ɗan lokaci idan akwai buƙata kuma ma'aurata sun yarda. Abin da ta hana shi ne tsayar da haihuwa ɗungurungum ba tare da larura ba.

Ke kuwa uzurinki a fili yake. Wadda loma huɗu ke ƙosar da ita, nauyinta na zubewa kowane mako, da me za ta ciyar da ɗan tayi? A wannan tsakanin jiki kan rasa sinadaran ƙarin jini, da bitamin B12, da folik asid wanda ƙarancinsa kan jawo nakasa a lakar jariri tun makonnin farko. Shi ya sa likitoci ke cewa a jira wata 12 zuwa 24. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 233, kada a cutar da uwa saboda ɗanta, Annabi (SAW) kuma ya ce ba cuta ba cutarwa.

Kada shekara shidan nan ta ruɗe ki. Mata da yawa da ƙiba ta rikita musu al'ada, da zarar sun rame sai ciki ya shiga ba zato. Sannan a wani nau'in tiyatar da ake karkatar da hanji, ƙwayar sha ta hana ɗaukar ciki ba lallai ta yi aiki yadda ya kamata ba, don haka ki bar likitanki ya zaɓa miki tsakanin ashana da robar mahaifa.

Ki nemi yardar maigida, domin haihuwa haƙƙinku ne ku biyu. Ki tafi da shi asibiti ya ji da kunnensa. Uwar mijinki kuma, shi ya kamata ya lallashe ta, ba ke ba. Ƙaunar jika ce ke sa ta magana.

In ciki ya shiga kafin lokacin, kada ki zubar. Ki fara awo da wuri, ki gaya musu an yi miki wannan tiyata, ki dage da shan magungunanki.

Wallahu a'alam.