Tambaya da Amsa: Mi yas sa Turawa sunka bar gida?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni dai abin na ɗaure man kai, ana ta cewa Turai ta fi ko'ina arziki, to mi yas sa Turawa sunka riƙa barin gida suna tarewa ƙasashen mutane? Kuma don mi ba su tare nan wurinmu ba? Daga wani ɗalibi, Talata Mafara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Ai Turan wancan zamanin ba ita ce wadda kake gani a waya ba. Yawancin waɗanda suka fita talakawa ne tilis, babbar matsalarsu kuwa gona. A Ingila babban ɗa ke gaje ƙasar uba, ƙannensa sai dai su nemi ta kansu, ga masu kuɗi sun killace filayen da talaka ke kiwo. A Ailan kuma cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a 1845, abincin da talaka ya dogara da shi kenan, kusan mutum miliyan ɗaya yunwa da cuta suka kashe, wasu sama da miliyan suka hau jirgin ruwa. To mutum yana cikin wannan hali sai ya ji Amurka ta yi doka a 1862 wai eka 160 kusan kyauta in ka zauna ka noma ta shekara biyar, kai wa zai tsaya? Amma fa "kyautar" nan ƙasar 'yan asalin wurin ce aka ƙwace da bindiga, kar ka manta da wannan.

Sai zinariya da aka gano, Kalifoniya 1848, Ostareliya 1851, Afirka ta Kudu 1886. Kai da ke Zamfara ka ga yadda matasa ke yin ɗango zuwa Anka da Maru in an ce ta fashe, to haka ne sak. Wasu rikicin addini ya kora, wasu ma ba da son ransu ba, fursunoni ne Ingila ta kwasa zuwa Ostareliya tun 1788.

Mu kuwa sauro da zafi sun yi mana rana wallahi, zazzaɓi ya riƙa kashe su a Afirka ta Yamma. Shi ya sa bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga, shugaban Turawan Ingila a Arewa, ya bar mulki hannun sarakuna irin su Gwandu da Argungu, 'yan jami'an Turawa ƙalilan, su Razdan da Di'o, na sa ido, haraji da fata da auduga da gyaɗa suke so, in wa'adi ya cika su koma gida. Inda suka samu sanyi da ƙasa mai kyau kamar tsaunukan Kenya da Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu), can suka kafa gonaki suka mayar da masu wurin leburori.