Me Ya Sa Zancen Iyali Ke Sa Hawaye A Littattafan Manga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanwata tana yawan karanta littattafan zane na Japan da ake kira manga, musamman waɗanda ke ba da labarin 'yan mata masu ikon sihiri. Na lura cewa faɗa da dodanni ba ya girgiza ta, amma da an taɓo zancen uwa ko yaya sai idanunta su ciko. Mene ne dalilin haka? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Dalilin shi ne jarumar irin waɗannan labarai yarinya ce ƙarama da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfin shekarunta, kuma galibi dole ta ɓoye shi ga mutanen gidansu. Mai karatu ba ta taɓa fuskantar dodo ba, amma ta san zafin riƙe magana a ciki alhali tana zaune kusa da mahaifiyarta, shi ya sa nan ne labarin ke kama zuciya.

A cikin Sailor Moon, wanda Naoko Takeuchi ta fara fitarwa a mujallar Nakayoshi a 1991, jaruma Usagi tana da uwa da uba da ƙane, amma wasu ƙawayenta ba su dace haka ba: iyayen Makoto sun rasu a hatsarin jirgin sama, Rei kuwa mahaifiyarta ta rasu, tana zaune wurin kakanta. Saboda haka ƙawancensu ya zame musu dangi.

A ganina, wanda ya fi iya sarrafa wannan batu shi ne Cardcaptor Sakura na ƙungiyar masu zanen manga da ake kira CLAMP, da aka buga daga 1996 zuwa 2000. Mahaifiyar Sakura, Nadeshiko, ta rasu tun yarinyar tana da shekara 3, amma ba a mayar da gidan wurin makoki ba. Mahaifinta, malamin jami'a, yana sauya hoton marigayiyar da ke ajiye a ɗakin cin abinci kullum, kuma shi da 'ya'yansa suna raba girki da sauran aikin gida a tsakaninsu. Maraicin yana nan, sai dai an lulluɓe shi da kulawa, wanda hakan ya fi kuka a fili taɓa rai.

Sai kuma yayan Sakura, Toya, mai tsokanarta da sunan dodo kowace safiya. Ya daɗe da gane sirrinta na ikon sihiri, amma ya kama bakinsa don kada ya ƙara mata damuwa. Shi kaɗai ne a cikin 'ya'yan yake iya ganin ruhin mahaifiyarsu, kuma da ran amininsa ya shiga haɗari, ya sallama wannan baiwar gaba ɗaya don ya ceto shi, yana sane da cewa ba zai sake ganin uwarsa ba. Abin da ya roƙa a madadin haka shi ne a kula masa da ƙanwarsa.