Aikin hannu ga Inna mai ciwon mantuwa

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Inna lafiya. Kin tambayi abin da za ta riƙa taɓawa tunda mantuwa ta hana ta zama wuri ɗaya.

Kada ki koya mata sabon abu. Abin da hannu ya saba tun ƙuruciya yakan daɗe bai goge ba, ko da sunayen jikoki sun ɓace. Tsofaffinmu na Daura ai sun san kaɗi. Ki samo mata auduga da mazari, ko jiƙaƙƙiyar kaba ta yi tufka. Ki fara mata, sannan ki miƙa. In ya karkace ƙyale shi, ba kasuwa za a kai ba.

Da hantsi ya fi, rikicewar takan ƙaru da yamma. Allura da ƙananan duwatsun ado kuwa ki kawar, tana iya kai su baki.