Kafin ka sallami injinan bit 32, ga abin da ya same ni

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka kan manhajar lissafin kanti da ka saki a buɗe (kowa na iya ganin rubutunta): wani na roƙon ka fitar da ita ga ARM mai bit 32, wani na neman RISC-V, kai kuma kana son ka tsaya kan x86 mai bit 64, irin na Intel, ka huta. Duk waɗannan nau'o'in ƙwaƙwalwar kwamfuta ne.

Shekarun baya na haɗa wa wata Islamiyya a Kurna tsarin ajiye sunayen ɗalibai. A kwamfutata mai Intel komai lafiya lau. Da muka ɗora shi kan Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai ARM, don ita kaɗai batirin solarsu ke iya riƙewa, sai ya cije wajen karanta fayil, ba gaba ba baya. Kwana biyu ina zargin katin ajiya, har na je Farm Center na sayo sabo. Ashe ni ne mai laifin. Na zuba abin da getchar (umarnin karanta harafi a yaren C) ke dawowa da shi cikin char (mazubin harafi guda), ina jiran EOF, alamar ƙarshen fayil, wato -1. A x86 char na karɓar lamba ƙasa da sifili, a ARM kan Linux ba ya karɓa, sai -1 ta koma 255, shirin ya yi ta zagaye. Kuskuren na nan tun ranar farko, Intel ce kawai ta rufa mini asiri. Tun daga nan na daina kallon baƙon inji a matsayin kaya, don shi ke tona ɓarnar da ka binne.

Amma kada in yaudare ka, akwai wahala, kuma ba a rubutun take ba. Tana wajen samun injin gwaji da mutumin da zai tsaya. Dubi Itanium, wani tsohon injin Intel: an cire shi daga Linux 6.7 a farkon 2024 saboda masu kula da shi sun watse. Debian 13, wani nau'in Linux da ya fito a 2025, ta daina ba i386 (x86 mai bit 32) manhajar girkawa, amma a fitowa ɗaya ta karɓi riscv64 (RISC-V mai bit 64) a hukumance. Bambancin, ɗaya na da jama'a masu aiki a kansa, ɗayan sun ragu. Sannan ka lura da abin da kake jingina a kai. A 2021 kunshin cryptography na Python ya fara buƙatar yaren Rust, nan take masu tsofaffin injinan Alpha da m68k, waɗanda Rust ba ya aiki a kansu a lokacin, suka tsinci kansu a waje, aka yi ta cacar baki.

Ni a wurinka, ARM mai bit 32 ba zan sake shi ba. Abin da ake kira inji mara farin jini a Amurka, a nan shi ne a hannun mai kanti. Tsofaffin Pi da ƙananan na'urori masu araha sun cika gari, kuma masu su ne ke amfani da manhajar taka. Sai dai ka duba yadda kake ajiye lokaci, don time_t, ma'ƙirgin daƙiƙoƙi na kwamfuta, in mai bit 32 ne zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, kuma manhajar da ke lissafin bashi mai dogon wa'adi za ta iya cin karo da shi tun kafin ranar.

RISC-V kuwa, ka ce wa mai nema bismillah, amma ya zo da injinsa, ya ɗauki alkawarin gwadawa duk fitowa. Ka rubuta matakai a fili yadda Rust ke yi: wanda ka gwada da kanka, wanda manhajar ke haɗuwa a kansa kawai ba gwaji, da wanda ke hannun masu sa kai. In mai sa kan ya ɓace wata shida, ka sauke injin mataki ba tare da jin kunya ba. QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wani inji a cikin naka, zai rage maka hanya, ko da yake ba shi da sauri.

Ina da Pi Zero a durowa. Turo mini adireshin ma'ajiyar rubutun manhajar, in Allah ya kai mu Asabar zan haɗa in gaya maka inda ya tsaya.