Kawo na'ura a madadin ma'aikata: zunubi ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko koyarwar Katolika ta hana ka kawo manhajar ƙirƙirarriyar basira ta karɓi aikin ma'aikatanka. Ba ta hana ba. Coci ba ta faɗa da na'ura, abin da ta ƙi shi ne a watsar da mutum don riba kawai. A wasiƙarsa Laborem Exercens ta 1981, Fafaroma John Paul II ya ce aikin ɗan Adam yana gaba da jari. Fafaroma Francis ma ya ce a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015 bai kamata burin fasaha ya zama maye gurbin aikin mutane ba.

Sharaɗin dai, kafin ka sayi manhajar ka zauna da ma'aikatanka, ka faɗa musu gaskiya. A wani ofis da na yi aiki, maimakon a sallami mai shigar da bayanai sai aka koya mata duba abin da manhajar ta fitar, kuma kurakuran da take kamawa a sunaye da lissafin albashi ba kaɗan ba ne. In rage wani ya zama dole, ka sanar da shi da wuri, ka biya shi haƙƙinsa cif, kada ya tsinci labarin a bakin mai gadi.