Amsa ga mai son shiga aikin kula da taurari

Ƙanwata na ga tambayarki tun jiya, kin ce kina son aikin kula da manyan mawaƙa da 'yan fim, ko PA (mai taimaka wa tauraro a harkokinsa na yau da kullum) ko manaja, amma ba ki san kowa ba, ta ina za ki fara. To bari in faɗa miki abin da na gani da idona, don na daɗe ina riƙe wa mutane jaka da waya kafin a fara ce min manaja.

Kuskuren da kusan kowa ke yi, har da ni, shi ne a sa ido a kan tauraron, a yi ta tura masa saƙo ana jiran ya buɗe. Wallahi ba ta nan ake shiga ba. Tauraro ba ya neman ma'aikaci da kansa, in PA ɗinsa ya tafi manajansa zai tambaya, manaja ya tambayi direba ko mai kwalliya ko PA ɗin wani, sunan da ya fito daga bakin waɗannan shi ake kira. Don haka mutanenki na gaskiya su ne sa'anninki, masu tsayuwa bayan dandamali, mai haɗa sauti, mai ɗaukar hoto, yarinyar da ke amsa waya a ofishin furodusa. Ko a Amurka ma haka abin yake. David Geffen, wanda ya zo aka kafa kamfanin fim na DreamWorks da shi a 1994, a ɗakin rarraba wasiƙu na William Morris, kamfanin nemo wa taurari aiki, ya fara, haka Barry Diller, haka Michael Ovitz, su ma manya a harkar fim. Ovitz ɗin nan shi da abokan aikinsa huɗu suka fita a 1975 suka kafa nasu kamfanin nemo wa taurari aiki mai suna CAA, kin ga ai ba taurari ne suka haɗa su ba, zaman ofis ɗaya ne.

Ni abin da ya koya min wannan, wata tafiya ce da za mu yi wasa a ƙasar waje. Na biya jirgi, na kama otal, komai tsaf a ganina, ashe fasfon maigidan saura wata huɗu ya ƙare, ƙasashe da yawa kuwa sai da sauran wata shida suke bari ka shiga. Ban ma san da dokar ba. Wata PA ce da na taɓa ara wa caja muka yi hira a bayan fage, ita ta tambaye ni kin duba fasfo? Saura sati uku lokacin, da ƙyar muka sabunta. Har yau muna tare da ita, mu kusan goma ne yanzu a wani ɗan guruf, wanda ya ji ana neman mutum ya sanar, wanda mai shirya wasa ya cinye wa kuɗi ya gargaɗi saura. Ayyuka biyu na samu ta nan.

Sai maganar baki. Za ki ga abubuwa, rigimar gida, bashi, rashin lafiya, ranar da mutum ya kulle kansa yana kuka saura minti goma ya hau dandamali. Wasu za su ba ki takardar alƙawarin rufe baki ki sa hannu, amma ko ba takarda, ranar da aka ji magana ɗaya daga wajenki shikenan, ba wanda zai ce miki komai, waya kawai za ta daina shigowa. Ko a guruf ɗinmu ba a faɗar sirrin maigida, aiki kawai. Kuma don Allah ki rage hoto da su, ni dai ban taɓa ganin wanda selfi ya ƙara wa matsayi ba.

Kuɗi kuma, ki san bambancin kujerun. Ejan mai nemo aiki yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka biya tauraron yake ɗauka, manaja a harkar waƙa 15 zuwa 20, PA albashi ne. A rubuta, lauya ya duba. Kar ki yarda da "ai mun zama 'yan'uwa", da wannan maganar na yi wata bakwai ba a biya ni ba, kullum muna cikin manyan motoci aljihuna fayau, shi kuma yana ta kyauta a waje ana yabonsa, inuwar giginya dai. Ba ma mugu ba ne, ni ce ban tambaya ba.

Wahalar ita ce waya ba ta da dare, kuma in wasa ya yi kyau shi za a tafa wa, in makirfo ya mutu ke za a nema. In kina son a san fuskarki, gara ki nemi wani layin tun yanzu.

Ki fara da ƙananan wasanni da wajen ɗaukar fim, ki ce za ki taimaka, ki zo kafin kowa, ki karɓi lambar duk wanda kuka yi aiki tare ki rubuta abin da yake yi a gefen sunan. In an ba ki tayin farko ki dawo nan ki faɗa mana sharuɗɗan kafin ki sa hannu, zan duba miki.